"Abincin bai karɓe shi ba": abin da ke faruwa a cikin yaro tsakanin nono da tuwo

Da zarar yaro ya yi gudawa bayan ya ci wani abu, ko ƙuraje suka feso masa, ko cikinsa ya kumbura, magana ɗaya ake ji a tsakar gida: abincin bai karɓe shi ba. Daga nan sai a shiga janyewa. Yau a hana shi madara, gobe ƙwai, jibi wake da gyaɗa, har a wayi gari babu abin da ya rage masa sai tsinkakken kunu da ruwan shayi. Wannan jimla guda tana lulluɓe matsaloli daban-daban da ba su haɗa hanya ba. Akwai hanjin da ƙwayoyin cuta suka ci, akwai cikin da ya kasa narkar da sukarin madara na ɗan lokaci, akwai borin jini na gaskiya wanda kan iya kisa cikin mintuna, akwai kuma ɗabi'ar jarirai da ba ciwo ba ce sam. A cikin waɗannan, ɗaya ce kawai maganinta hana abinci. Sauran kuwa sau da yawa hana abincin ƙara musu ƙarfi yake yi, an yi gudun gara an tarar da zago.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Kashi 68 na yaran ƙasar masu wata shida zuwa shekara biyar suna da ƙarancin jini. A ƙasar da ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa da waken suya, ana kiwon shanu da awaki da kaji, waɗannan alƙaluma suna da ciwo. Talauci yana ciki, babu mai musu. Amma wani kaso mai yawa yana cikin yadda ake dama kunun, da abin da ake hana yaron, da abin da ake yi ranar da ya kwanta ciwo.

A fara daga ranar haihuwa. Hanjin jariri sabo ne, bangonsa bai gama ƙwari ba, kuma bai tara ƙwayoyin bakteriya masu amfani da za su zauna a cikinsa ba. Dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya wanda a wasu gidajen ake matsewa a zubar da sunan gurɓatacce ne, shi ne ke shafe bangon hanjin da sinadaran garkuwa daga jikin uwa. Kaɗan yake zuwa, kuma kaɗan ɗin ya isa, domin cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba. A cikin nono akwai wasu nau'o'in sukari da jaririn ba ya iya narkarwa. Abincin bakteriyar kirki ne, su suke ci su yawaita su cika hanjin, masu cutarwa su rasa wurin zama. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan nono zalla har wata shida. Binciken 2018 ya samu kashi 29 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla.

Inda aka fi samun saɓani shi ne ruwa. Kaka za ta ce, a wannan zafi na Afrilu ta yaya za a bar ɗan mutum ba ruwa? Tausayi ne ya sa ta faɗa, kuma tambayar tana da amsa: kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, kuma nonon da ke fara fitowa a kowane shayarwa ya fi tsinkewa don kashe ƙishi. Ruwan randa da ake ba jariri yana cika ɗan cikin ba tare da ya ƙara masa komai ba, ya rage tsotso, nono ya ragu, sannan ga ƙwayoyin cutar da ya shigo da su. Haka jiƙe-jiƙe da bauri. Zuma kuwa, duk albarkarta, a dakata da ita sai yaro ya cika shekara, domin takan ɗauki ƙwayar wata bakteriya da ke tsira a hanjin jariri ta fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi. Hanjin babba yana hana ta tsira, na jariri bai kai nan ba.

Da yawa daga abin da ke sa a fara ba jariri magani a waɗannan watanni lafiya ce ake yi wa kallon ciwo. Tumbuɗi yakan yi yawa wajen wata huɗu saboda bakin tumbi bai gama ƙarfi ba, kuma yakan wuce kafin shekara. Kukan yamma da murɗe-murɗe yakan kai ƙololuwa wajen sati shida ya lafa a wata uku zuwa huɗu. Jaririn da ke kan nono zalla, bayan ya wuce sati shida, yana iya kwana uku ko biyar bai yi kashi ba, kuma idan ya zo da laushi, yaron yana tsotso yana ƙara nauyi, babu abin da ya same shi. Abin da ke buƙatar asibiti nan take shi ne amai mai launin kore, amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane shayarwa, jini a kashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri.

Daga wata shida nono kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne yawancin yaranmu ke fara zamewa. Lissafin mai sauƙi ne. Cikin yaro yana ɗaukar kimanin mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa. Ɗan wata takwas mai kilo takwas, cikinsa bai fi kofin shayi guda ba, wajen mililita 240. Bayan nonon da yake sha, yana buƙatar ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 200 a rana daga wata shida zuwa takwas, 300 daga wata tara zuwa sha ɗaya, 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Tsinkakken koko, irin wanda ake zubawa a kwalbar shayarwa ya bi ta hudar robar, bai cika wuce kalori 30 zuwa 40 a mililita 100 ba. Ɗan shekara ɗaya zai sha lita ɗaya da rabi kafin ya sami abin da jikinsa ke nema, kuma ko ya sha, sitaci ne da ruwa. Uwa tana ganin ciki ya yi tulu tana cewa ya ƙoshi, alhali hannu da cinya suna ta sirancewa.

Gwajin kauri a cokali ake yinsa. A ɗebo kunun a karkata cokalin: idan ya zube kamar ruwa, bai yi ba. Idan ya tsaya ya manne, sai ya gangaro a hankali, ya yi. Matsalar ita ce kunu mai kauri yana wa ƙaramin yaro wuyar haɗiya, shi ya sa iyaye mata ke ƙara ruwa. Akwai hanyar tsinka shi ba tare da ruwa ba, wato garin tsiro. A jiƙa gero ko masara ya kwana, a tsane, a shimfiɗa a tsumma mai laima a inuwa kwana biyu zuwa uku har ya fito da tsiro, a shanya a rana ya bushe ƙayau, a murje saiwar da tsiron a fece, sannan a niƙa. Cokalin shayi ɗaya na wannan gari a cikin kwanon kunu mai kauri da ya ɗan huce zai sa ya saki cikin 'yan mintuna, domin hatsin da ya tsira yana ɗauke da sinadarin da ke yanka sitaci gunduwa-gunduwa. Sai a mayar wuta ya sake tafasa kafin a ba yaro. Kunun ya yi laushin sha amma ƙarfinsa yana nan. Idan dawa za a yi amfani da ita, cire saiwa da tsiron wajibi ne, domin tsiron dawa yana da guba, abin da makiyaya suka daɗe da sani game da ɗanyar karmami.

Sai abin da ake ƙarawa. Haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa a Arewa shi ne awo shida na hatsi, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a niƙa. Gwangwani ko kofi, duk abin da aka auna da shi, ya zama ɗaya. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da wake ke da shi da yawa, wake kuma yana ƙarancin wanda hatsi ke da shi, haɗuwarsu ce ke cike giɓin. Waken suya dole ya soyu ko ya dahu sosai kuma a cire ɓawonsa, domin ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana ciki narkar da furotin, kuma yana iya kawo ciwon cikin da ake ɗora wa waken laifi. Cokalin shayi ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ƙara kalori kusan 40 ba tare da ya ƙara wa kunun yawa ba, manja kuma ga bitamin A. Babban cokali na markaɗaɗɗiyar gyaɗa yana ƙara kusan 90. A fara ba yaro kunun da babban cokali biyu zuwa uku sau biyu a rana, a kai rabin kofi sau biyu zuwa uku kafin wata takwas ya ƙare, sau uku zuwa huɗu daga wata tara, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali. Ɗura kuwa, a danne yaro a toshe masa hanci a kwarara masa kunu, tana iya aika kunun cikin huhu, kuma tana koya wa yaro tsoron abinci.

Ƙarancin jini yana da nasa bayanin. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe da ke kai shi kimanin wata shida, daga nan sai abin da ya ci. Gero yana da wannan sinadari, amma a tare da shi akwai wani abu a dusar hatsi da ke ɗaure ƙarfe da zink ya hana hanji tsotsarsu. Jiƙa hatsi, da barin ƙullu ya kwana ya yi tsami, da tsirar da shi, duk suna karya wannan ɗauri. Ashe gasarar da iyayenmu ke bari ta yi tsami hikima ce, kuma tsamin yana hana ƙwayoyin gudawa saurin yaɗuwa a kunun da aka ajiye. Bitamin C yana ninka abin da hanji ke tsotsa, don haka ɗan garin ƙwallon kuka, ko lemo, ko gwaiba, ko tumatir tare da abinci yana aiki. Shayi akasin haka yake yi. Ganyen shayi yana ɗaure ƙarfen, kuma yaron da karin kumallonsa shayi da burodi ne kullum yana hanyar ƙarancin jini. Ƙarfen da ke cikin hanta da nama da kifi ya fi na tsirrai shiga jiki nesa ba kusa ba. Ɗan yankin hanta kamar girman ɗan yatsa, a dafa a murƙushe a cikin fate sau ɗaya ko biyu a sati, ya fi kwalaben maganin ƙarin jini da ake saye ba da umarnin likita ba. Ƙananan kifi busassu a daka su da ƙayarsu su zama gari, a riƙa barbaɗawa. Ƙwai ɗaya yana da furotin gram shida, kuma maganar cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke ta hana yara da yawa abinci mafi arha da ke gina jiki da ƙwaƙwalwa, a gidan da kaji da zabi ke yawo a tsakar gida.

Gudawa ce ke ruguza duk wannan gini. A cikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tsiro-tsiro masu kama da gashin tawul, ta nan abinci ke shiga jini. Ƙwayar cuta irin rota tana goge kawunansu. Su kuma ba sa farfaɗowa sai da abinci, domin daga abin da ke wucewa ta cikin hanjin suke ci kai tsaye. Uwar da ta dakatar da abinci don ciki ya huta ta hana hanjin kayan gyaran kansa. Yaro ya rame, garkuwarsa ta faɗi, wata gudawar ta sake kama shi kafin ya mayar da abin da ya rasa. A gidan da yaro ke rarrafe cikin kashin kaji da na awaki yana kai hannu baki, hanjin yakan zauna cikin kumburi na dindindin ko da ba a ga gudawa ba, 'yan tsiron su gajarce, abinci ya riƙa wucewa ba tare da ya shiga jiki ba. Wannan yana cikin dalilan da ke sa a ga yaro yana ci amma ba ya girma.

Ana yawan cewa haƙori ne. Fitowar haƙori tana kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ta kawo zawo mai ruwa. Abin da ya haɗa su lokaci ne: a watannin da haƙori ke fitowa yaro ke fara rarrafe, yake fara cin abincin da aka ajiye, garkuwar da ya gado daga uwa kuma take raguwa. Haka faɗawar maɗiga. Ruwan jiki ne ya ƙare, kuma abin da ake shafawa a ka ba ya mayar da shi.

Abin yi a bayyane yake. Ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wanda ya haura haka 100 zuwa 200, da cokali ko kofi, kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Idan babu ƙunshin, shafaffen cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya, kuma kada a ƙara gishirin, yawansa haɗari ne. Sai ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga ɗan ƙasa da wata shida, a cinye kwanakin ko da zawon ya tsaya a rana ta uku, domin ita ke taimaka wa bangon hanji ya warke ta kuma rage dawowar ciwon a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. A ci gaba da nono da abinci, bayan an warke a ƙara ci ɗaya a rana har sati biyu. Filajin da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake karɓowa a kemis ba sa taɓa ƙwayar rota, sai dai su share bakteriyar kirki. Wurinsu shi ne atini mai jini da wasu cututtuka da ma'aikacin lafiya zai tantance. Yaron da ya kasa sha, ko yake aman komai, ko ya yi laushi ido ya zurma, ko zawon ya kai sati biyu, na asibiti ne. Tun Agustan 2022 rigakafin rota ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya, ɗigo ne a baki, kyauta.

A nan ne maganar madara ke shigowa, kuma nan aka fi ruɗewa. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan kawunan 'yan tsiron nan yake zaune. Idan gudawa ta goge su, sai yaro ya sha madara sukarin ya wuce bai narke ba, ya ja ruwa zuwa hanji, bakteriya su rubar da shi. Sakamakon shi ne kashi mai ruwa da kumfa da warin tsami, ciki yana ƙugi, tusa, duwawu ya yi ja ya saɓule. Wannan na ɗan lokaci ne, yakan wuce cikin 'yan makonni. Ba a cire yaro daga nonon uwa saboda shi. Madarar gari ko ta shanu ce ake ragewa, ko a gauraya ta cikin kunu, ko a musanya da kindirmo mai tsafta, wanda tsaminsa ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Akwai kuma nau'in da ke zuwa da girma: yawancin mutanen Afirka ta Yamma wannan sinadari yana raguwa a jikinsu bayan yaye, yayin da Fulani makiyaya da yawa ke riƙe shi har tsufa. Shi ya sa ɗan shekara bakwai zai sha fura da nono lafiya lau, amma kofin madarar gari ya murɗa masa ciki. Irin wannan yaro yakan jure kaɗan tare da abinci, kuma babu haɗari ga ransa.

Borin jini na abinci wani abu ne daban. A nan garkuwar jiki ce ke ɗaukar furotin na madarar shanu, ko ƙwai, ko gyaɗa, ko kifi, ko riɗi, ko waken suya, ko alkama a matsayin maƙiyi. Yana zuwa da sauri, daga mintuna zuwa awa biyu, kuma duk lokacin da aka ci abin sai ya dawo, ko da ɗan kaɗan ne. Yaro ya lashi ƙwai, kafin a ɗauke kwanon leɓe ya kumbura, fatar ido ta haye, jiki ya yi taswira-taswira masu ƙaiƙayi kamar cizon sauro da suka haɗe, yana ta susa yana kuka. Idan abin ya tsaya a fata, maganin ƙaiƙayi irin firiton yana rage shi. Idan murya ta dishe, ko numfashi ya fara fito, ko tari ya ƙi tsayawa, ko amai ya yi ta zuwa, ko yaron ya yi fari ya langaɓe, an shiga matakin da ke kisa. Maganinsa ɗaya, allurar adirenalin a tsokar gefen cinya, miligiram 0.15 ga ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara shida, 0.3 daga shida zuwa sha biyu, a maimaita bayan minti biyar idan bai sassauta ba. Firiton ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura, manja da ake ɗurawa ma ba ya yi, yana iya shaƙe shi. A kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa, ko a zaunar da shi idan numfashi ne matsalar, kada a tsayar da shi, a nufi asibiti mafi kusa. Ya kamata kowane ƙaramin asibiti da ke yin rigakafi ya kasance da wannan allura a ajiye.

Akwai nau'in da ke zuwa a makare, galibi daga madarar shanu ko ta gwangwani: zaren jini da majina a kashin jariri, kirci mai tsanani a kumatu da gwiwoyi, amai, rashin ƙara nauyi. Hanyar ganewa ita ce a cire abu ɗaya tak na sati biyu zuwa huɗu. Idan an ga sauƙi a mayar da shi, in alamun sun dawo an tabbatar. In ba a ga canji ba, a mayar masa da abincinsa, laifin ba nasa ba ne. Wannan mayarwa ba a yinta a gida ga yaron da ya taɓa kumbura ko ya sami matsalar numfashi. Madarar akuya ba mafita ba ce, furotin ɗinta ya yi kama da na shanu ƙwarai. Yawancin yara suna rabuwa da borin madara da na ƙwai yayin da suke girma, na gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi.

Shekaru da dama likitoci a Turai da Amurka suna cewa a jinkirta ba yara gyaɗa don gudun bori. Sai aka lura yaran Yahudawa a Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen borin gyaɗa, alhali a Isra'ila jarirai suna cin wani abin taɓawa na gyaɗa tun suna 'yan watanni. Aka yi gwaji a Landan da jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko borin ƙwai, aka fitar da sakamako a 2015: waɗanda aka hana gyaɗa har shekara biyar, kimanin kashi 17 sun kamu, waɗanda aka riƙa ba su kuwa kimanin kashi 3. Hanji ne ke koya wa garkuwar jiki cewa wannan abinci ne, kuma da wuri yake koyarwa. Kunun gyaɗar da ake ba yaranmu tun suna rarrafe ya dace da wannan ilimi. Hanyar farawa: bayan wata shida, da safe, yaro yana cikin ƙoshin lafiya, a dama cokalin shayi biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa cikin kunu, a ba shi ɗan lasa, a jira minti goma, a ba shi sauran, a sa masa ido awa biyu. In lafiya, a ci gaba sau biyu ko uku a sati. Haka ƙwai, dafaffe sosai. Mai kirci mai tsanani ya fara ganin likita. Ƙwayar gyaɗa sukutum kuwa ba ta ƙaramin yaro ba ce sai ya kai shekara biyar, saboda shaƙewa.

Gwajin jini ma yana iya yaudara a irin ƙasashenmu. Wani bincike a kan 'yan makaranta a Ghana da aka wallafa a 2013 ya samu kusan kashi 17 suna da alamar borin gyaɗa a jini, amma waɗanda gyaɗar ke yi wa wani abu in sun ci ba su kai kashi 2 ba. Masu binciken sun danganta wannan da tsutsar tsargiya, wadda ke sa jiki ya samar da garkuwar da ke kama da ta gyaɗa a gwaji. Takardar gwaji kaɗai ba hujjar hana yaro abincin da yake ci lafiya ba ce.

Haɗarin gyaɗa da ya fi kusa da mu shi ne funfuna. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, ko aka zube su a ƙasa mai laima, suna kama wata funfuna da ke fitar da guba mai suna afalatoksin. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Tana cin hanta, kuma binciken da aka yi a Benin da Togo a 2002 ya nuna yaran da suka fi ta yawa a jini su ne suka fi tsumburewa, kuma tana hauhawa daidai lokacin yaye. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta. A gida kuwa aikin tsinta ne: duk ƙwayar da ta motse, ta canza launi, ta huje ko take ɗaci, a zubar. Ɓarzajjiyar gyaɗa mai arha da ake saya don kunu sau da yawa ita ce wadda aka tsince aka ware.

Yayen gaggawa yana tara duk waɗannan matsaloli a sati guda. Uwa ta sami ciki da goyo, a ce yaro zai sha ciki, a shafa wa nono ɗaci a kai shi gidan kaka rana ɗaya. Nonon mai ciki ba guba ba ne, kuma mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa tana ƙara cin abinci. Yaron da aka yanke wa nono kwatsam, wanda a shekara ta biyu yake ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake buƙata, ga ƙunci ga tsinkakken kunu, shi ne ake gani bayan wata biyu ƙafa ta kumbura gashi ya yi ja ya yi laushi. Sai a ce ai ga shi, ya sha ciki. Tamowa ce. Awon kaurin dantse da ɗan tef mai launuka yana nuna ta tun kafin ido ya gani: daga wata shida zuwa shekara biyar, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, 11.5 zuwa 12.5 rawaya. A danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in rami ya zauna, a tafi asibiti ranar. Abincin leda na gyaɗa da ake bayarwa, mai gram 92 da kalori 500, wanda ya yi suna tun yunwar 2005 a yankin Maraɗi, magani ne da aka auna da nauyin yaro ɗaya. Raba shi da 'yan'uwa ko sayar da shi a kasuwa yana mayar da jinyar sati shida ta zama ba ta da ƙarshe.

A birane kuma matsalar tana sauya kama. A 2010 an kwatanta bakteriyar hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da na yaran birnin Fulorens a Italiya. Na ƙauyen sun fi yawan nau'o'i, kuma sun fi samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji suna kwantar da kumburi, saboda harzar da ke cikin abincinsu, wato dusa da zare-zaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa. Wannan abincin ne yaran Kano da Kaduna ke bari suna komawa taliyar leda da biskit da farin burodi da lemon kwalba. Kwalba ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokalin shayi tara na sukari, alhali ɗan ƙasa da shekara biyu bai kamata a ƙara masa sukari ba ko kaɗan. Lemon kwali mai yawa yana sa zawon da ba ya jin magani ga 'yan shekara ɗaya zuwa uku, kuma yana kashe sha'awar abinci. Rashin harza kuma yana kawo taurin bayan gida: kashi ya yi tauri ya tsage dubura, yaro ya ji zafi ya fara riƙewa, ya ƙara tauri, a ga ɗigon jini a ce basir ne a shiga jiƙo. Abin da ke warware shi wake ne da miyar kuɓewa da kuka da zogale da alayyafo, da gwanda da mangwaro, da ruwa isasshe, da zaunar da yaro a fo minti biyar bayan cin abinci ƙafafunsa suna taka ƙasa. Idan ya riga ya daɗe yana riƙewa, abinci kaɗai ba zai buɗe shi ba, sai likita ya ba da maganin tausasa kashi na makonni ko watanni har tsoron zafin ya fita daga ransa.